Jawabi ga Sabon Mai Babur da ke Shirin Doguwar Tafiya

Maganarmu ta yau a kan babur ce, wanda waɗansu ke ce wa mashin. Na sani a cikinku akwai wanda ya sayar da amfanin gona ya sayi sabo, akwai wanda ya karɓa bashi yana biya kaɗan kaɗan, akwai kuma wanda wansa ya bar masa tsoho. Ko wanne daga cikinsu, da ya yi wata biyu yana zaga gari bai faɗi ba, sai zuciya ta fara raya masa ya tafi gida da Salla a kan abinsa, ko da kuwa garinsu na can nesa. To, da shi na ke. Sauran ku ma ku kasa kunne, don ko ba ku hau ba, wata rana a goya ku.

Hawan babur ba wuya. Mai kaifin kai, yini guda ya ishe shi ya koyi tayarwa, da sa giya, da sakin kuloci. A makon farko kuwa ba a cika jin sabon shiga ya yi mummunan haɗari ba, gama tsoro na riƙe da shi, yana tafiya kamar mai ɗauke da ƙwai. Lokacin da na fi ji masa shi ne wata na biyu da na uku. A sa'an nan tsoro ya tafi, gwaninta kuwa ba ta iso ba tukuna. Hannunsa ya saba da murɗa totur, amma bai taɓa gamuwa da ranar da akuya za ta faɗo gabansa yana cikin gudu ba. Wanda ya saba da doki ya tuna da wannan: doki na da ido, in ya ga rami ya kauce, in mahayinsa ya yi gyangyaɗi ya kai shi gida. Babur ba shi da ido sai naka.

Saboda haka abin da za ka fara koyo sosai shi ne tsayawa. Bari mu yi lissafi. Babur da ke gudun kilomita 50 a awa, yana cin mita 14 cikin daƙiƙa guda, watau wajen taku 18 na babban mutum. Tsakanin ganin abu da kai hannu ga birki kuwa, daƙiƙa guda ta kan wuce, wani lokaci ma fiye. Ka ga ka rigaya ka ci taku 18 birki bai ko fara kamawa ba. Sa'an nan ga wani abu da mutane da yawa ba su sani ba. In ka ninka gudu sau biyu, nisan da birki ke bukata kafin ya tsai da kai sau huɗu ya ke ninkuwa. Wanda ke gudun 80 yana bukatar fili huɗun na mai gudun 40.

Za ka ji waɗansu a bakin tasha suna cewa kada ka taɓa birkin gaba, wai kayar da mutum ya ke yi. Wannan magana ta jawo wa mutane karaya da yawa. Sa'ad da babur ke tsayawa, nauyinka da nasa duk su kan koma kan ƙafar gaba, ta baya ta yi sakayau. Don haka mafi yawan ƙarfin tsayawa a birkin gaba ya ke. Wanda ya taka na baya kaɗai, taya ta kan ja ƙasa ta yi ta sulɓi, babur na tafiya abinsa. Abin da ke kayarwa shi ne cafke na gaba farat ɗaya, ko kama shi cikin yashi, ko a tsakiyar kwana babur na karkace. Yadda a ke yi, ka saki totur, ka matsa na hannu sannu kamar mai matsa lemo, kana ƙara ƙarfi, ƙafarka kuma na taka na baya. Wannan ba ya zama a jiki da ji kawai. Nemi fili mai tauri inda ba mutane, ka ajiye dutse, ka taho da gudun 30, in ka zo daidai dutsen ka tsaya. Auna takun da ka ci. Yi ta maimaitawa ko wace safiya har takun su ragu, kāna ka ƙara gudu kaɗan. In ka ƙware kai kaɗai, ɗaura buhu a baya ka sake daga farko, za ka tarar kamar wani babur ne dabam.

Har wa yau ka koya wa idonka duban inda ka ke so ka bi. Babur na bin ido. Wanda ya ƙura wa rami ido, cikinsa ya ke faɗawa. Dubi gefen da ke da kyau, hannu zai bi da kansa.

Kafin ka fita bayan gari sai takardunka su cika: lasin na tuƙin babur, da lamba, da inshora. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Nijeriya, wadda aka kafa a 1988, ta ƙayyade wa babur gudun kilomita 50 a awa. Ita ce kuma ta tilasta sa hular kwano tun daga ranar 1 ga Janairu, 2009. A wancan lokaci har an ga waɗansu 'yan acaɓa sun kifa ƙwarya a ka don su ruɗi ma'aikata. Abin ya ba mutane dariya, amma kwalta ba ta san wasa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta faɗa a 2023 mutum wajen miliyan 1 da dubu 190 ke mutuwa a kan hanya ko wace shekara, masu babur kuwa na da kaso babba a ciki, abin da ya fi kashe su kuma buguwar kai ne. Sayi hula mai kauri daidai kanka, mai gilashi a gaba, ka ɗaure igiyarta a haɓa. Hular da ba a ɗaure ba, ita ke fara isa ƙasa kafin mai ita. Ka sa takalmi rufaffe, da riga mai kauri mai dogon hannu. Babbar riga da rawani a naɗe su a sa cikin jaka, in an isa a sa. Bakin riga in ya shiga sarƙa ko ƙafar baya, ba ya sallama kafin ya fizge mutum.

Yanzu mu ɗauki misali. A ce kana Kano, garinku Bauci. Hanyar ta bi ta Wudil, da Birnin Kudu, da Ningi, kimanin kilomita 300 ke nan. Kada ranar tafiyar ta zama ita ce ranar farko da ka fita ƙofar gari. Fara zuwa Wudil ka komo, wajen kilomita 40 ne zuwa, 40 dawowa. Wannan 'yar tafiya za ta koya maka abin da shekara guda cikin gari ba ta koya maka ba.

Na farko, za ka san cikin babur ɗinka. Cika tanki kafin ka tashi, ka rubuta lambar da agogon tafiya ya nuna. In ka dawo ka sake cikawa, ka ga lita nawa ya sha. In kilomita 80 ta ci lita 2, lita guda na kai ka kilomita 40 ke nan, Bauci kuwa za ta ci lita 7 da rabi. Ga amfanin karatu da lissafin da ku ke koyo. Amma kada ka dogara ga lissafin har ɗigon ƙarshe. Kaya da iska su kan ƙara shan mai, gidan man da ka sa rai kuma ka iya tarar da shi a rufe. Duk inda tanki ya koma rabi, ka cika.

Na biyu, za ka san manyan motoci, su ne kuwa abin tsoro a babbar hanya. Tirela in ta wuce ka, iskarta ta kan fara tura ka waje, sa'an nan ta jawo ka ciki wajen ƙafafunta. Riƙe kan babur da kyau, ka matse tanki da gwiwa, ka rage gudu ta wuce. Kada ka manne a bayanta don neman inuwa ko tsere wa iska, gama ba ka ganin gaba, ramin da ta haye a tsakanin ƙafafunta kai ne za ka faɗa shi. In ba ka hango madubin direba, shi ma ba ya ganinka. Mafi muni shi ne motar da ke tahowa ta fito hannunka don ta wuce wata. Direbanta ya ga babur ne, ya san kai za ka kauce. Kada ka tsaya jayayya, ko da gaskiyarka. Rage gudu tun da nisa ka sauka gefe a hankali. Lura kuma da bakin kwalta, sau da yawa ruwa ya cinye shi ya bar gaɓa, in ka hau ta a karkace sai ƙasa. Ran Juma'a kasuwar Wudil ke ci, hanya ta cika da motocin shanu da masu tsallakawa. Sabon hannu ya zaɓi wata rana.

In ka je Wudil sau biyu ko uku, ƙara nisa zuwa Birnin Kudu, ka ji yadda baya da wuyan hannu ke yi bayan awa uku a kan sirdi. Sabon babur kuma shi ma a bi shi sannu, kada a matsa wa injinsa sai an juye baƙin mai na farko, wajen kilomita 500, yadda littafinsa ya nuna.

Fatake na dā ba su gyaran mangala ranar tashi. Kai ma ka kai wa makaniki babur saura kwana uku, don in ya bar wani noti a kwance, ya nuna kansa kana cikin gari. Sa'an nan da jajibere ka duba da idonka. Iskar taya da safe a ke aunawa, taya na sanyi. Tayar da zanenta ya shafe a canja ta, kuɗinta bai kai na ɗori ba. Taɓa sarƙa a tsakiya da yatsa, ta motsa sama da ƙasa kamar faɗin yatsa biyu. In ta yi sako-sako ta kan zame, in ta yi tauri ta ci haƙora, ko ta tsinke. Ɗiga mata mai. Duba baƙin mai babur na tsaye a miƙe, gwada birki biyu, da fitila, da sigina, da oda. Cikin jaka ka sa sifana, da filaya, da fulogi sabo, da kayan faci, da ɗan famfo, da igiyar roba, da gorar ruwa. Faci kuwa ka koya a gida, ka cire ƙafa ka mayar da hannunka ko sau ɗaya, gama tsakanin gari da gari ba kullum a ke samun mai faci ba. Kaya masu nauyi a ɗaure su ƙasa ƙasa, kusa da bayanka, dama da hagu daidai. Ni dai a ganina, tafiyarka ta farko kada ka goya iyali. Sa su a mota ku haɗu can.

Akwai kuma tambaya, wadda ita ce rabin guzuri. Dokar babur ba ɗaya ba ce ko'ina, ta kan kuma sauya. An hana hawansa cikin Maiduguri a 2011, an hana acaɓa a Kano a 2013, Jihar Kaduna ma ta taɓa hana shi na 'yan watanni a 2021 saboda 'yan bindiga. Je tasha ka tambayi direbobin da suka biyo hanyar jiya: ina gada ta karye, ina a ke aiki, ina ba a bi in rana ta yi sanyi. Faɗa wa na gida hanyar da za ka bi da lokacin da za su sa ido. Cika wayarka da caji, ka riƙe lamba 122, ita ce ta kiran ma'aikatan kiyaye haɗurra.

Ranar tafiya ka yi barci isasshe, ka tashi da gari ya waye sarai. Daga Kano gabas ka dosa, rana za ta bugi idonka har wajen Wudil, sai ka yi sannu. Kada ka ce kilomita 300 awa 6 ce. Da garuruwa, da shingayen ma'aikata, da garken shanu masu ƙetare hanya, da hutawa, sai ta kai awa 9. Shanu in sun fara ƙetarewa, tsaya cik har na ƙarshe ya wuce, ɗan maraƙin da aka bari a baya shi ke fitowa a guje. Ko wace awa da rabi ka sauka a inuwa, ka sha ruwa, ka miƙe ƙafa, ka taɓa igiyar kaya, injin ma ya huce. Iskar hanya na busar da gumi, mutum ba ya sanin ƙishirwa ta kama shi sai kai ya fara sarawa. In ka ga ka wuce wani ƙauye ba ka tuna sa'ad da ka shige shi ba, barci ne ya fara satarka. Goro da shayi ba su biyan bashin barci. Ƙwayoyin da waɗansu samari ke haɗiya wai don ƙarfi kuwa, gajiyar na nan, ji ne kawai su ke ɗauke wa mutum, su tafi da hankalinsa tare.

Da damina ka ji tsoron yayyafin farko, shi ke taso da man da ya zuba a kwalta ta yi santsi. In hadari ya haɗo, fake a gari. Ruwan da ke gudu bisa hanya kada ka shige shi sai ka ga wani ya ƙetare ka san zurfinsa. Da hunturu kuma kunna fitila ko da rana saboda hazo, ka rufe ƙirji da kyau, sanyin safiya a kan babur ya ninka na ƙasa.

Wajen Ningi ƙasa ta fara duwatsu, hanya na hawa da gangara da kwana. Rage gudu tun kafin ka shiga kwana, ka sauko da giya a gangara injin ya taimaki birki, kada ka kashe shi don tsimin mai. In komi ya tafi daidai, da la'asar kana Bauci. In kuwa faci ko ruwa ya ɓata maka lokaci har rana ta yi ja kana Ningi, nemi masauki ka kwana. Fitilar ƙaramin babur ba ta nuna rami sai an zo kansa, ga motocin da ke kashe ido da haskensu, ga waɗanda suka lalace aka bari a kan hanya ba alama sai ganye. Sauran kilomita wajen 100 ne, da safe awa biyu da rabi sun ishe ka.