Daga Ƙwayar Jini Zuwa Ɗaurin Aure: Lacca a Kan Gadon Sikila

Masu shirya taro sun ba ni take mai faɗi, wai in yi bayani a kan ƙwayar halitta, da gado, da yadda sassan jiki ke aiki. Wannan kuwa karatun shekara guda ne cur a jami'a. Shi ya sa na zaɓi cuta ɗaya wadda kowa a zauren nan ya san gidan da take, wato sikila ko amosanin jini, domin abubuwan nan uku duk sun haɗu a cikinta.

Jikin duk wani mai rai, mutum ne ko dabba ko tsiro, da ƙwayoyin halitta aka gina shi, ƙanana ƙwarai, ido ba ya ganinsu sai da madubin likita. Wani Baturen Ingila, Robert Hooke, shi ya fara bayyana su a 1665, da ya duba ɓawon wata bishiya ya ga 'yan ɗakuna jere. A jikin baligi akwai kimanin tiriliyan 30, kuma mafi yawansu jajayen ƙwayoyin jini ne. Jini na da farare masu yaƙi da cuta, da wasu masu sa shi ya daskare idan an ji rauni, amma yau da jajayen muke magana. A ɓargo ake ƙera su, kusan miliyan 2 a kowace daƙiƙa. Kowace takan yi kwana 120 tana zagaya jiki, sannan saifa ta tsince ta ta rushe. Babban aikinta shi ne ta ɗauko iskar oksijin daga huhu ta kai wa tsoka da ƙwaƙwalwa da ƙoda da ƙashi. Abin da ke riƙe iskar a cikinta shi ne sinadarin himogulobin, wanda shi ne ma ya ba jini launinsa.

Lafiyayyar ƙwayar jini kewayayya ce, mai laushi, tana lanƙwasawa ta kutsa ta jijiyar da ta fi ta ƙanƙanta ta fita lafiya. Ta mai sikila kuwa, da zarar ta sauke iskar da ta ɗauko, sai himogulobin ɗin cikinta ya manne da juna ya zama dogayen zaruruwa masu tauri, ƙwayar ta sandare ta koma siffar lauje. Ku ɗauka mutum ne ya shiga lungun cikin birni da doguwar azara a gicciye: ya maƙale, na bayansa ma duk sun tsaya. Inda jini ya tsaya iska ba ta isa, inda iska ba ta isa kuwa nan ciwo yake tashi. Wannan shi ne ciwon ƙashin da yaro ke kwana yana kuka a kansa, musamman da hunturu, ko in ya yi zazzaɓi, ko ruwan jikinsa ya yi ƙasa. Ga shi kuma ƙwayar ba ta daɗewa, kwana 10 zuwa 20 ta mutu. Ɓargo ya kasa cike gurbi, jini ya yi ƙaranci, ido ya yi rawaya a ce shawara ce. Saifa kan lalace tun yaro yana ƙarami, sai ƙwayoyin cuta su sami ƙofa a buɗe. Idan toshewar ta faru a ƙwaƙwalwa, ɗan shekara shida sai ya sami shanyewar ɓarin jiki irin ta tsoho.

Iyaye mata sun san alamar farko. Jariri ya zo lafiya lau, ya yi wata biyar ko shida ba abin da ke damunsa, rana ɗaya sai a ga bayan hannunsa da ƙafarsa sun kumbura, yatsun sun yi suntum, da an taɓa ya tsala ihu. Ba wanda ya yi masa baki. Jariri na zuwa duniya da wani himogulobin na zaman ciki wanda ba ya sandarewa, shi ke kare shi. Yana raguwa a watannin farko, na gado ya maye gurbinsa, cutar ta fito fili.

To daga ina ta zo? A tsakiyar kusan kowane nau'in ƙwayar halittar jikin mutum akwai kuromosom 46, an jera su biyu-biyu, 23 daga uwa, 23 daga uba. A jikinsu aka rubuta umarnin ginin mutum da haruffa huɗu kacal na sinadarin DNA, kuma kowane yanki mai ɗauke da umarni guda shi muke kira ƙwayar gado. Wadda ta shafe mu tana kan kuromosom na 11. Harafi ɗaya ne ya sauya a cikinta, sai tubali na shida cikin tubala 146 na wata sarƙar himogulobin ya zo ba daidai ba. Vernon Ingram ne ya gano wannan a Kambirij wajen 1956, bayan Linus Pauling ya nuna a 1949 cewa matsalar a cikin himogulobin take. Siffar laujen kuwa tun 1910 wani likita a Shikago, James Herrick, ya bayyana ta, daga jinin wani ɗalibi ɗan tsibirin Girenada.

Tun da kuromosom biyu-biyu suke, kowa na da kwafi biyu na wannan ƙwayar gado. Lafiyayyar ana ce mata A, mai sauyin S. Wanda ya gaji A daga ɓangarori biyu shi ne AA. Wanda ya gaji A da S shi ne AS, ba shi da cutar, ƙalau yake noma da kasuwancinsa, amma yana iya miƙa S ga ɗansa. Wanda ya gaji S daga uwa, ya kuma gaji S daga uba, shi ne SS. Ina roƙon iyayenmu maza su riƙe wannan. Babu yadda za a yi mace ita kaɗai ta haifi mai sikila. Duk gidan da aka saki mace, ko uwar miji ta riƙa yi mata gorin wabi, wai ita ta kawo musu cuta, an zalunce ta, domin rabin abin daga jinin ɗansu ya fito.

Ƙa'idar wannan lissafi ta Gregor Mendel ce, wani malamin coci da ya yi shekaru yana barbarar wake a lambu ya buga sakamakonsa a 1866. Idan AS ya auri AS, kowane ciki yana da kashi 1 cikin 4 na zama SS, 2 cikin 4 na zama AS, 1 cikin 4 na zama AA. Nan ne mutane ke yin kuskure mafi tsada. Sai ka ji an ce ai ɗaya ne cikin huɗu, tun da na fari ya zo da ita, uku na gaba sun tsira. Ba haka ba ne. Kowane ciki sabon lissafi ne, babu ruwansa da wanda ya gabace shi. Shi ya sa za ka ga gida mai 'ya'ya biyar, uku masu sikila, ka ga wani gidan AS da AS ɗin da 'ya'ya huɗu ba ko ɗaya. Irin wannan gida na biyu yana faruwa kusan sau 1 cikin 3, kuma shi ne wanda ake kafa hujja da shi a zaure a ce gwaji ƙarya ne. Idan AS ya auri SS, rabi ne. Idan kuwa AA ya auri SS, duk 'ya'yan AS za su zama, babu mai cutar. Ke nan mai sikila yana da damar aure da haihuwa, a daina yanke masa ƙauna.

Akwai kuma nau'in C, wanda ya fi yawa a arewacin Gana da Burkina Faso. 'Yan'uwanmu na zango su lura, domin AC da AS na iya haifar SC, ita ma cuta ce, ko da yake sau da yawa ta fi SS sauƙi. Sannan kada a haɗa wannan da rukunin jini. A da B da AB da O maganar ƙarin jini ce, ƙwayar gadonsu daban take. Wanda ya ce maka shi O ne bai ba ka amsar tambayar sikila ba.

Wani zai ce, abu mai kisa haka, me ya hana shi ƙarewa? Sauro ne. A 1954 Anthony Allison ya nuna a Gabashin Afirka cewa masu AS sun fi jure zazzaɓin cizon sauro mai tsanani. Ba wai ba ya kama su ba ne, amma bai cika kashe su suna yara ba, sai su girma su haihu su miƙa S gaba. Wata hujjar wannan a ƙasarmu aka samo ta. A binciken maleriya da Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi a Garki, cikin Jigawa ta yau, a shekarun 1970, an tarar kimanin kashi 24 cikin 100 na jarirai AS ne, amma a cikin waɗanda suka wuce shekara biyar adadin ya kai wajen 29. Jarirai masu SS kuwa kusan 2 ne cikin 100, amma da ƙyar ake samun su a cikin manyan yara, sun riga sun rasu ba tare da an san abin da ya kashe su ba. Har yau Nijeriya ce ke kan gaba a duniya, ana ƙiyasta haihuwar jarirai 150,000 masu cutar duk shekara. Auren zumunci ba shi ya ƙirƙiro S ba, amma idan tana cikin dangi yana ƙara yiwuwar ta haɗu da 'yar'uwarta.

Zamanin Garki ya wuce, yaron da aka gano da wuri yana rayuwa. Abin da yake buƙata shi ne gidan sauro, shan ruwa da yawa, rigar sanyi, cikakken rigakafi, maganin folik asid, fenisilin a shekarun farko, da garzayawa asibiti ranar da zazzaɓi ya fara. Maganin haidiroksiyuriya yana dawo da wani kaso na himogulobin ɗin jarirai, ciwo ya ragu, kuma likitoci a Kano sun gwada shi wajen kare yara daga shanyewar jiki an ga amfaninsa. Dashen ɓargo na warkarwa, an fara yin sa a Nijeriya a Benin a 2011, sai dai tsada da wuyar samun wanda ɓargonsa ya dace. Gyaran ƙwayar gado da Ingila da Amurka suka amince da shi a 2023 ya haura dala miliyan 2 ga mutum ɗaya, wannan ba zancen talaka ba ne tukuna.

Abin da ke hannunmu shi ne gwaji. A 2024 Jihar Kano ta kafa dokar gwajin lafiya kafin aure, har da na sikila. Na yaba, amma a ganina lokacin da muke yin gwajin ya makara. Idan an kai kuɗin gaisuwa, an sa rana, an haɗa lefe, sannan a je asibiti saura mako biyu, wa zai iya cewa a fasa? A nan ne ake neman takardar bogi, ko a rufe ido a ce Allah Ya kiyaye. Neman sani ba ya karo da tawakkali. Kuma a tambayi irin gwajin da aka yi, domin wanda ake ɗiga magani a jini a duba ko zai lanƙwashe ba ya bambance AS da SS. A nemi na ilektoroforesis a wurin da aka amince da shi, in da shakka a sake a wani wurin.

Roƙona ga iyaye, ku gwada 'ya'yanku tun suna makaranta, kowa ya san nasa kafin ya san wanda yake so. Shugabannin makarantu, ku sa wannan lissafi na kashi huɗu a allo. Ku kuma iyayenmu limamai da waliyyai, ku tambayi sakamakon tun ranar da aka zo neman izini, kada ku bari sai ranar ɗaurin aure.