Kasafin Kuɗi, Hanya da Ƙuri'a: Wa Ke Magana da Yawun Birnin Tudu?

(Jawabin da aka gabatar a gaban taron ɗalibai da ƙananan ma'aikata 'yan asalin ƙasar Mafara, Bakura da Maradun)



Mun gode da aka ba mu wannan dama mu yi magana a gaban waɗanda suka girme mu a shekaru da ilmi. Abin da ya kawo mu kuwa tambaya ce da kowane ɗayanmu yake yi a ransa duk ranar da aka rufe makaranta ya ɗauki jakarsa ya nufi tasha, watau me ya sa zuwa gida ya zama aikin da sai an yi masa tanadi kamar na biki? Muna so mu bi sawun wannan tambaya tun daga tashar mota har zauren Majalisar Dokoki ta Gusau, domin a ganinmu can ne amsar take.

Kowa ya san cewa a ranar 29 ga Mayu, 2023 ne Shugaba Bola Tinubu ya ce an janye tallafin man fetur. Litar da ake saye ƙasa da Naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce Naira 1,000 a gidajen mai da yawa. Direba ba ya da inda zai ɗora wannan nauyi sai kan fasinja. Wanda gidansu yake bakin babbar hanyar Gusau zuwa Sakkwato da sauƙi a kansa, domin kwalta ce, kuma mota ba ta yankewa. Amma mutumin Birnin Tudu da ƙauyukan da ke kewaye da ita, idan ya sauka daga kwalta sai ya nemi ɗan kabu-kabu, ga kuɗin babur ya ninka, ga damina ta kware hanya, ga fargabar 'yan bindiga da ta sa ba mai son magariba ta riske shi a daji. Manomin da ya noma shinkafa a fadamar Bakolori yakan tarar cewa kuɗin kai buhu kasuwar Mafara ran Talata ya cinye rabonsa na riba tun kafin ya sadu da dillali.

To, wa ke da alhakin wannan hanya, kuma da wane kuɗi? Tsarin Mulki na 1999 bai bar mu cikin duhu ba. Babbar hanya ta Gwamnatin Tarayya ce. Tashoshin mota, kasuwanni, ƙananan hanyoyi da magudanan ruwa kuwa, jadawali na huɗu ya sa su cikin ayyukan ƙaramar hukuma, har da ba da lasisin kekuna da amalanke da jiragen kwale-kwale. Abin da ya rage a tsakani na jiha ne, kuma sashe na 120 da na 121 sun ce gwamna ba shi da ikon taɓa ko kwabo daga asusun jiha sai ya kai kasafi gaban Majalisar Dokoki ta amince. Watau wannan majalisa ita ce ƙofar da kowace kadarka da kowace motar haya ta gwamnati za ta bi kafin ta iso gare mu.

Yanzu sai mu dubi abin da ya sami wannan ƙofa. Majalisar Dokokin Zamfara kujeru 24 gare ta. A watan Fabrairu 2024 ta dare gida biyu. Wasu mambobi suka yi zama suka ce sun tsige Kakaki Bilyaminu Ismail Moriki, suka naɗa Bashir Aliyu Gummi a madadinsa, suna kukan cewa majalisa ta yi shiru alhali ana kashe mutanen mazaɓunsu. Ɓangaren Kakaki kuma ya ce zaman nan haramtacce ne, ya zarge su da fasa ƙofofin ofisoshin majalisa, ya dakatar da mutum takwas. A nan ne muke roƙon 'yan'uwa su kasa kunne da kyau, domin cikin takwas ɗin nan akwai wakilin Bakura, da wakilin Talata Mafara ta Arewa, da wakilin Maradun ta Ɗaya.

Ba mu zo nan don mu yanke hukunci tsakaninsu ba, kuma ba mu ɗauki kowane ɓangare a matsayin waliyyai ba. Waɗanda suka yi yunƙurin tsigewa sun san sashe na 92 yana bukatar kashi biyu cikin uku, watau mutum 16, kuma ba su kai ba. Amma waɗanda suka yi dakatarwar su ma sun san wani lissafi: sashe na 96 ya ce kashi ɗaya cikin uku, watau mutum takwas kacal, sun isa a yi zama. Saboda haka ana iya fitar da sulusin majalisa waje, a rufe ƙofa, aiki kuma ya ci gaba kamar ba abin da ya faru. Haka kuwa aka yi. A watan Disamba 2024 Gwamna Dauda Lawal ya gabatar da kasafin 2025 na kusan Naira biliyan 545, aka amince da shi, aka sa hannu. A cikin 2025 ɓangaren Gummi ya yi nasa zama ya ce kasafin nan ba shi da inganci, a sake kawo shi. Wani kwamiti na Majalisar Wakilai ta Tarayya ya gayyaci gwamna da kakaki Abuja a watan Mayu na 2025, ba su je ba, bisa hujjar cewa majalisar tarayya ba ta da hurumin kiransu. Aka ci gaba da kashe kuɗi.

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ranar da kwamitin ayyuka ya zauna yana duba jerin hanyoyi, wa zai miƙe ya ce akwai wata kadarka a ƙasar Bakura da ruwa ke cinyewa duk damina? Ɗan majalisar da aka dakatar yana da gidansa da motarsa. Waɗanda aka dakatar a zahiri su ne dubban mutanen da suka yi layi cikin rana a 2023 suka jefa masa ƙuri'a. Ba mu ce don haka ba a yi wa yankinmu kome ba, kuma ba ma ƙyashin filin jirgin sama da aka fara ginawa a Gusau a 2024, domin babban birnin jiha ya cancanci haka. Abin da muke cewa shi ne, auna filin jirgi da hanyar ƙauye, da auna motocin haya na gwamnati da ke bin kwalta da bukatar wanda kwalta ba ta kai garinsu ba, aiki ne na muhawara, kuma an yi muhawarar babu bakinmu a ciki.

Wannan ba sabon abu ba ne a Arewa. Iyayenmu suna tuna yadda majalisar tsohuwar Jihar Kaduna, wadda NPN ke da rinjaye cikinta, ta ƙi amince wa Gwamna Balarabe Musa na PRP da kwamishinoni har ta tsige shi a watan Yuni 1981. A can majalisa ce ta fi ƙarfin gwamna. A zamaninmu abin ya juya, majalisun jihohi da yawa sun zama kamar tsakar gidan gwamnoni.

Mai yiwuwa wani ya ce, to ai akwai ƙaramar hukuma, wadda ita ce mai tasha da ƙananan hanyoyi. Gaskiya ne. A ranar 11 ga Yuli, 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye, kuma mulkin kantomomi da gwamna ke naɗawa ya saɓa wa sashe na 7. Jihohi suka yi ta rige-rigen shirya zaɓe. A Zamfara an yi shi ran 16 ga Nuwamba, 2024, hukumar zaɓe ta jiha ta ce PDP ta lashe shugabancin ƙananan hukumomi 14 duka da kujerun kansiloli 147 duka. Kada wani ya ɗauka wannan halin jam'iyya ɗaya ne, domin a yawancin jihohin da APC ke mulki sakamakon haka ya fito, sai dai a sauya sunan jam'iyya. Amma mu tambayi kanmu tsakani da Allah: a ƙasar da ta fitar da Sanata Abdul'aziz Yari da tsohon Gwamna Bello Matawalle, ashe babu mazaɓa ko guda da 'yan hamayya za su iya ci? Shugaban da ya san ba ƙuri'a ce ta kawo shi ba, fuskarsa Gusau take kallo. Gefe guda kuma aiwatar da hukuncin kotu game da biyan kuɗi kai tsaye ya yi ta jan ƙafa har cikin 2025.

Abin da ya fi ba mu kunya shi ne, ba rashin manya ne ke damunmu ba. Cikin gwamnonin farar hula da suka mulki Zamfara tun 1999, uku daga waɗannan ƙananan hukumomi namu suka fito: Ahmad Sani Yariman Bakura daga 1999 zuwa 2007, Yari na Mafara daga 2011 zuwa 2019, Matawalle na Maradun daga 2019 zuwa 2023. Shekara ashirin ke nan cif. Da samun ɗan gida a kan kujera yana gina hanya, da yanzu ba mu nan muna wannan magana.

Mutanen Birnin Tudu kuwa sun fi kowa sanin abin da ke faruwa idan aka tsara aiki daga sama ba a ji ta bakin masu ƙasa ba. An gina madatsar ruwa ta Bakolori a shekarun 1970, aka karɓe gonaki, diyya ta zo da gardama da jinkiri. Da manoma suka rasa wanda zai kai kukansu, sai suka tare hanyoyin aikin. A watan Afrilu 1980 aka turo 'yan sandan kwantar da tarzoma, aka kashe mutane, aka ƙone gidaje. Wasu da ke zaune a zauren nan jikokin waɗancan manoma ne.

Saboda haka ga abin da muke roƙo, kuma mun zaɓi wanda bai fi ƙarfinmu ba. Kasafin jiha takarda ce ta jama'a, ana wallafa ta, kuma yayyenmu da ke aiki a ma'aikatun kuɗi da ayyuka sun san yadda ake karanta ta. Muna roƙonsu su ba mu yini guda su koya mana bambancin kuɗin yau da kullum da kuɗin manyan ayyuka, da bambancin abin da aka ware da abin da aka fitar a zahiri, domin a tsakanin waɗannan biyun ne hanyoyi da yawa ke ɓacewa. Daga nan sai ɗaliban kowace mazaɓa su tsamo duk layin da ya ambaci hanya ko kadarka ko tasha a Mafara, Bakura da Maradun, su fassara shi da Hausa, in an yi hutu su je su gani da idonsu, su kuma tambayi kansila nawa ake tarawa a tasha ranar kasuwa da inda kuɗin ke shiga. Abin da aka samo sai a kawo wa editan wannan mujalla ya buga, a aika wa Akawun Majalisa kwafi kafin watan Disamba, lokacin da gwamna ya saba kai sabon kasafi.