Ina Allurar Take Zuwa Bayan An Yi Wa Yaro Rigakafi?

Jawabin jami'in shirin rigakafi ga iyaye da malamai



Malamanmu masu girma, iyayenmu maza da mata, muna godiya da kuka amsa wannan gayyata. Duk garin da muka shiga, tambayar farko ita ce me ke cikin maganin, kuma mun sha amsa ta. Yau ina so mu tattauna wata tambayar da ba kasafai ake yi mana ba, alhali ta shafi kowane yaro a unguwa, har wanda ba a kawo rigakafi ba. Shin ina allurar take zuwa bayan an zare ta daga jikin yaro?

Allurar da ta taɓa jini ba shara ba ce irin wadda ake zubarwa a bola. Ƙwayar ciwon hanta nau'in B tana iya yin kwana 7 da ranta a busasshen jini. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2000 allura marar tsabta ta sa wa mutum miliyan 21 wannan ciwo, ta kuma sa wa mutum 260,000 cutar ƙanjamau. Saboda irin wannan haɗari ne a 1999 hukumar, tare da UNICEF, ta nemi ƙasashe su koma amfani da sirinji mai kulle kansa wajen rigakafi. Da zarar an tura maganin sai ya maƙale, ba ya sake jan wani magani.

To amma sirinjin da ya kulle, tsininsa yana nan. Ga ƙa'idar da kowane ma'aikacinmu ya wajaba ya bi, kuma haƙƙinku ne ku sa ido. Zai yage ledar sabon sirinji a gaban uwa. Bayan ya yi allura ba zai mayar da marfin ba, domin a nan ne ma'aikata sukan soke kansu. Nan take zai jefa shi cikin akwatin kwali mai kauri wanda allura ba ta hudawa. Akwatin lita 5 yana ɗaukar sirinji kamar 100, amma da ya kai kashi uku cikin huɗu sai a rufe shi. Ba a sake buɗewa, ba a juye shi cikin wani mazubi.

Kowace tawaga za ta dawo da adadin akwatunan da ta fita da su, a ƙirga, a rubuta, a kulle a ɗakin da yaro ko dabba ba za su kai ba. Daga nan sai a kai su na'urar ƙona sharar asibiti, mai zafin da ya haura digiri 800. Tara kwalaye a bayan asibiti a cinna musu wuta bai wadatar ba, don roba za ta narke ta yi hayaƙi mai guba, ƙarfen allurar kuwa ya saura cikin toka. A gaskiya nan ne aikin ya fi wuya a ƙauyukan da suke nesa da irin wannan na'ura. Inda babu ita, sai rami mai zurfi da shinge, nesa da rijiya.

Iyaye, yara suna son sirinji don wasan fesa ruwa, a hana su ɗauka ko a ina suka gan shi. Malamai, kun fi mu sanin matsayin kawar da abin cutarwa daga hanya a addini. Muna roƙonku ku ambaci wannan a wa'azi da makarantun allo, musamman ga almajirai da masu jari-bola, waɗanda suke tona shara da hannu kuma sau da yawa ba takalmi.

Wanda ya ga an zubar da allurai, kada ya taɓa, ya sanar da mai unguwa ko sashen lafiya na ƙaramar hukuma. Idan allura ta soki yaro, a wanke wurin da ruwa da sabulu, kada a matse ko a tsotse, a kai shi asibiti a ranar. Maganin kariya daga ƙanjamau sai an fara shan sa cikin awa 72 yake aiki.