Fuska Ɗaya, Aiki Uku: Jawabi kan Manhajojin Ofis



Duk ƙarshen zango, da yawa daga cikinmu kan kwashi tambayoyin jarrabawa mu kai shagon buga takardu. Mu biya daga albashin da ba ya kai mu ƙarshen wata, mu kuma bar sirrin jarrabawar a kwamfutar wani, ba mu san idon da zai faɗa a kansa ba. In aka tambayi dalili, sai mu ce manhajojin sun yi yawa: ga Word na rubutu, ga Excel na lissafi, ga PowerPoint na nuna darasi. Yaushe malami zai koyi uku? Amsarmu a yau ita ce, koyon ɗaya ne, domin ukun nan 'yan ɗaki ɗaya ne, kuma tsagarsu ɗaya.

Tun 2007 kamfanin Microsoft ya shimfiɗa wa manhajojin nan zirin umarni guda a saman allo, wanda ya kira Ribbon. A kowaccensu, File yana can kusurwar hagu, nan ake buɗe fayil, a adana shi, a aika shi firinta. Home ya tara kayan gyaran rubutu: girman harafi, kaurinsa da launinsa. Insert kuwa ƙofar shigo da hoto ce da jadawali. Malamin da aka ɗauke daga aji biyu aka kai aji biyar ba ya tambayar inda allo yake, domin tsarin ginin ɗaya ne. Haka lamarin yake a nan.

Maɓallan ma bakinsu ɗaya. Ctrl da S adanawa ne, kuma a garin da wuta ke ɗaukewa ba sallama, ya kamata yatsa ya saba da su kafin komai. Ctrl da C kwafa ne, Ctrl da V liƙawa, Ctrl da P bugawa. Ctrl da Z kuwa shi ne maganin fargaba, domin yana dawo da abin da hannu ya ɓata.

Sai dai kama da wane ba ta wane. A Word, danna Enter sabon sakin layi yake buɗewa. A Excel kuwa gangarawa yake yi zuwa gidan ƙasa. Excel ba ya lissafi sai an fara da alamar daidai: wanda ya rubuta =B2+C2+D2 zai ga jimillar makin ɗalibi nan take, wanda ya manta alamar kuma rubutu kawai zai gani. Haka nan, in muka shigar da lambar wayar mahaifin yaro, Excel yakan haɗiye sifirin farko, sai in an sa waƙafin sama kafin lambar. Fuskar tana nuna mana hanya, amma kowace manhaja da halinta.

Wanda ba shi da kuɗin lasisi, kada ya karaya. Akwai LibreOffice, wadda aka fara fitarwa a 2011 kuma kyauta ce. Ita ma gida guda ce: Writer, Calc da Impress. Jerin umarninta ya ɗan bambanta, amma maɓallan da muka ambata suna aiki, tana kuma buɗe fayilolin Word da Excel.

Maganar ta wuce aljihunmu. Tun 2015 jarrabawar JAMB ta koma kan kwamfuta ɗungurungum. Yaron da ke gabanmu a aji huɗu, wata rana shi da allon kwamfuta za su zauna ba mai taimako. In malaminsa na tsoron linzami, wa zai cire masa nasa tsoron?

Shawararmu ita ce, kowace makaranta ta haɗa wanda ya iya da wanda bai iya ba. A fara da Word, a buga tambayoyin darasi ɗaya. Mako na gaba a buɗe Excel, kuma kafin a taɓa komai, a ƙirga abubuwan da ido ya riga ya sani. Za mu tarar rabin tafiyar an yi ta tun jiya. Mu ƙudura cewa jarrabawar zango mai zuwa da hannunmu za mu buga ta.