Saɓani A Ofis: Wa Ke Da Ikon Goge Suna Daga Rajista?



Hausawa sun ce zo mu zauna, zo mu saɓa. Saɓanin da nake son yin magana a kansa yau shi ne wanda yakan tashi tsakanin ma'aikata a kan bayanan jama'a, watau rajistar sunaye da alƙaluman da gwamnati ke aiki da su. Ni mutumin Gulma ne, a ƙasar Argungu, kuma abin da zan faɗa da idona na gani a wani ofishi inda na yi watannin koyon aiki.

Kun san a fadamar Gulbin Rima shinkafa ita ce rayuwa. Tun da aka ƙaddamar da shirin ba manoma rance na Babban Bankin Nijeriya a Birnin Kebbi cikin watan Nuwamba na 2015, manomi ya gane darajar shigar sunansa a takarda. Da ambaliyar 2020 ta cinye gonaki a Jihar Kebbi, abin ya ƙara fitowa fili: wanda babu sunansa a rajista, ko iri ba zai gani ba, balle taki.

To, a ofishin nan akwai wani malamin gona, dattijo, wanda ya yi shekaru yana zaga ƙauyuka yana rubuta manoma a littafi. Akwai kuma wani saurayi mai kula da kwamfuta, wanda aka ba aikin tace sunayen. Da saurayin ya ga suna ɗaya, da sunan uba ɗaya, a gari ɗaya, har sau uku, sai ya ɗauka maguɗi ne, ya goge biyu. Alhali kuwa mutum uku ne daban-daban, kowa da gonarsa, kuma malamin gona ya san su ɗaya bayan ɗaya. Dattijo ya ce an mai da shi maƙaryaci, ya kulle littafinsa a durowa. Saurayi ya ce ana son a hana shi kama sunayen bogi. Gaisuwa ta yanke tsakaninsu, ofis ya rabu biyu, fayil ya tsaya cik, damina kuwa ba ta jiran kowa.

Abin lura, babu azzalumi a cikinsu. Kowa amana yake karewa. Laifin na tsari ne, domin ba a taɓa zama an tsai da wanda ke da ikon taɓa rajista ba, ko hujjar da za a goge suna da ita. Sai bango ya tsage ƙadangare kan sami wurin shiga.

Wata babbar jami'a ce ta kashe wutar, kuma dabararta ita ce darasinmu. Da farko ta ji kowa shi kaɗai, don kada a kunyata babba a gaban yaro. Sa'an nan ta tara su, ta ce, “Malam, ba a kanka muke shari'a ba, a kan littafi ne.” Ta ajiye tambayoyi uku. Na ɗaya, me muke ƙirgawa, manoma ko gonaki? Ashe dattijo gonaki yake bi, saurayi kuwa mutane. Na biyu, da me za a bambanta masu suna ɗaya? Aka amince da lambar shaidar ɗan ƙasa, inda babu ita kuma a nemi shaidar mai unguwa. Na uku, wa zai sa hannu kafin a goge suna? Aka yanke cewa mai kwamfuta alama kawai zai sa, malamin gona ya bincika, shugaban sashe ya zartar, kuma a rubuta rana da dalili. Cikin mako guda aka mayar da sunayen nan biyu. Bugu da ƙari, binciken ya tono waɗansu sunaye da lalle an maimaita su, saurayi ma ya fita kunya.

Kada ku ɗauka wannan ƙaramin al'amari ne. Ƙasar nan ta ɗanɗana kuɗarta a kan alƙaluma. An soke ƙidayar 1962 saboda gardama, aka sake wata a 1963, ita ma aka yi ta cece-kuce a kanta. Ta 1973 kuwa gwamnatin Janar Murtala Muhammed ta soke ta a 1975. Idan amana ta ɓace tsakanin masu riƙe da lissafi, lissafin kansa ya zama banza.

Yanzu kuma akwai doka. Dokar Kare Bayanan Jama'a ta 2023 ta kafa hukuma ta musamman, ta ɗora wa mai riƙe da bayanan mutum nauyin tabbatar da ingancinsu da tsare su, ta kuma ba mai bayanan haƙƙin neman a gyara kuskure. Saboda haka ma'aikacin da ya ɓoye rajista don fushi, ko ya watsa sunaye da lambobin waya a WhatsApp don ya nuna shi ke da gaskiya, ya keta haƙƙin mutanen da ba su san hawa ba, ba su san sauka ba.

'Yan'uwa, gobe mu ne za mu zauna a kujerun nan. Idan saɓani ya tashi, ku fara tambayar ma'anar alƙalumman kafin ku zargi niyyar abokin aiki. Ku girmama na gaba, amma kada girma ya maye gurbin hujja. Duk abin da aka shirya a kai, a rubuta shi. In kuma aka gyara muku kuskure, ku tuna gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Rajistar ba ta dattijo ba ce, ba ta saurayi ba ce. Ta manomin nan ce da ke tsaye a bakin fadama yana jiran iri.

Allah ya ba mu ikon riƙe amana.