Jawabin Tsohon Hedimasta Kan Ɗaukar Wanda Ya Yi Haɗari

Shugaban ƙungiya, iyayenmu dattawa, 'yan'uwana 'yan asalin Takur mazauna birane.

Tun da Dutse ta zama babban birnin Jihar Jigawa a 1991, motoci suka yawaita a hanyoyinmu. Idan haɗari ya auku, tausayi kan sa mu ciccibi mutum, wani ya kama hannu, wani ƙafa. In kuwa ƙashin bayansa ya karye, ciccibar nan tana iya tsinka laka, ya shanye har abada.

A fara kiran jami'an kiyaye haɗurra a lamba 122. In ya zama tilas a ɗauke shi, a nemo faffaɗan katako ko ƙyaure, da mutum 5. Ɗaya ya riƙe kai daidai da jiki, shi kaɗai zai ba da umarni. Uku su kama kafaɗa, ƙugu da ƙafafu, su mirgina shi gefe a lokaci guda, kamar gungume. Na biyar ya cusa katakon, a kwantar da shi sannu, a ɗaure ƙirji, ƙugu, ƙafafu, sannan kai.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ina roƙon ƙungiya ta gayyato ma'aikatan lafiya su koya wa matasanmu wannan a aikace. Allah Ya kiyaye hanya, amin.