Sauron Rana Da Mutuwar Ƙafafu: Jawabin Da Aka Gabatar A Taron Ƙungiya Na Wata-Wata



Ni dai ba likita ba ne, ɗan kasuwa ne kamar yadda kuka sani. Abin da ya sa na nemi wannan dama shi ne abin da ya sami yaron shagona. Ya yi zazzaɓi na kwana uku ya warke. Bayan kamar mako biyu sai ya ce tafin ƙafarsa na yi masa jijjiga, kashegari ya kasa ɗaga buhu, kwana biyu ya kasa tashi. Wasu suka ce shan inna ne, wasu suka ce iska ce. Muka ɓata kwana huɗu muna shafe-shafe kafin mu kai shi asibiti.

Likita ya ce ciwon sunansa Gilan-Bare, sunan likitocin Faransa da suka bayyana shi a 1916. Wato bayan jiki ya yaƙi wata cuta, sai garkuwarsa ta rikice ta juya kan jijiyoyin mai ita. Raunin yakan fara daga ƙafa ya hauro sama, in ya kai ƙirji numfashi ya gagara. Nan haɗarin yake. Gudawa ko mura na iya jawo shi, haka kuma cututtukan sauro irin su Zika da dengi.

Ita Zika an gano ta a Yuganda a 1947, kuma tun 1954 aka ba da rahoton samunta a jikin mutum a nan Nijeriya. Da ta ɓarke a tsibiran Folinesiya a 2013 zuwa 2014, mutum 42 suka kamu da wannan raunin jijiya. Ta ɓarke a Barazil a 2015, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana dokar ta-ɓaci a Fabrairun 2016. Dengi kuwa an tabbatar da ɓullarta a Sakkwato a 2023, ka ga ba nisa ke nan.

To jama'a, sauron da ke ɗauko su ba na maleriya ba ne. Wannan mai ɗigon fari ne a ƙafafu, da rana yake cizo, lokacin da muke zaune a rumfa ba gidan sauro. A cikin randa da duro da tsofaffin tayoyi yake ƙyanƙyasa. Ku dubi bayan shagunanmu a nan Potiskum da damina, kowa ya san abin da ke jibge.

Roƙona biyu ne. Mu rufe randunanmu, mu wanke su duk mako, mu kife duk abin da ke tara ruwa. Sannan duk wanda ƙafarsa ta yi rauni bayan zazzaɓi, yaro ko babba, a kai shi asibiti ranar, ana yi ana addu'a. Yawancin masu ciwon suna warkewa in an kula da su. Yarona ya yi watanni yana dogara sanda, yau alhamdulillahi ga shi can yana auna wa mutane gero.

Allah Ya ba mu lafiya da zama lafiya.